Layar Abba Gana da Lanƙwasar da Ta Ɓata

A unguwar Shamaki ta Gombe, in ka ce kana neman Abba Gana za a tambaye ka wanne, don unguwar ba ta rasa Abba Gana uku ko huɗu ba. Amma ka ce Mai Laya, ko mai sayar da rake zai nuna maka hanya. Shagon ba wani shago ba ne, ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, tebur biyu, benci, da tsofaffin kwamfutoci jibge har kusa da rufi, wasu ba murfi, hanjinsu a waje. Layar da ake faɗa kuwa filash ce, irin wadda ake zuba fayil a ciki, ya sa baduku ya ɗinka mata gidan jar fata, ya rataya a wuya. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake cin tuwo. Matarsa Ya Falmata ta ce ranar da aka kwantar da shi a asibiti ma sai da ya yi rigima da nas a kanta.

Mutumin Borno ne, kuma ba sai an gaya maka ba, da ya buɗe baki ka ji. Shekara goma sha uku ya yi yana buga takardu a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a can, har rikici ya iso garinsu a shekarar 2014. Ya fito da matarsa da 'ya'yansa biyu da rigar da ke jikinsa. A aljihun rigar akwai filash ɗin da yake yawo da ita wajen aiki, cike da manhajojin gyara. Hoton mahaifiyarsa kuwa, guda ɗaya tak da aka taɓa ɗaukarta a duniya, yana cikin kwamfutar gida, kullum yana cewa gobe zai kwafe shi. Gidan ya ƙone da kwamfutar. Shi ya sa har yau duk wanda ya kawo masa aiki, ko gaggawar me yake yi, kalma biyu zai fara ji: kwafi tukuna.

Gyaran kwamfuta shi ke ciyar da gidansa, amma ba shi ya yi masa suna ba. Ranar Asabar bayan La'asar rumfar ke cika da mutanen da son kwamfuta ya shiga jininsu ba don aiki ya tilasta su ba. Akwai malamin firamare mai son haɗa wa 'yan ajinsa wasan lissafi, akwai mai ɗaukar hoton biki, akwai wata Najeeba da ke aiki a kantin magani ta ɗora wa kanta koyon rubuta manhaja, ga tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya zaman gida ya ishe su. Duk abu ɗaya ke kawo su, a gaya musu wace manhaja ce za ta yi musu. Shi kuma ba ya amsawa sai ya tambaye ka me kake so ka yi. In ka ce kai dai a zuba maka komai da komai, sai ya tura ka wajen mai shayin tsallaken titi, ya ce ka sha kofi ɗaya ka yi tunani ka dawo.

Sunayen Turanci ba sa zama a kan mutane, don haka ya raɗa wa kowace manhaja nata suna a cikin layar. Linux, wadda yake ɗora wa tsofaffin kwamfutocin da kowa ya yafe, ita ce Gero, wai don tana fita ko a ƙasar da ba ta da ƙarfi. Mai share tarkace Tsintsiya ce. Mai yanka bidiyo Almakashi. Akwai Rariya, wadda za ka ba ta kalma ɗaya ta tace maka fayil dubu ta fito da masu ɗauke da kalmar. Akwai Mai Tono, wadda ke haƙo abin da aka goge, ita kam ba ya ba kowa sai ya zauna da shi ya koya masa. Dukkansu na kyauta ne, waɗanda masu su suka ce kowa ya ɗauka. Ta sata ba ta shiga layarsa, ya ce manhajar da aka fasa ƙofarta aka fito da ita, ba ka san me ya biyo ta ba. Wanda ba shi da data kuma ya kan zuba masa darussan bidiyo da wani ƙaton kundin ilimi da ke buɗewa ba intanet, mutum ya tafi ƙauyensu ya yi ta karatu.

Abin da ya sa maganarsa ke da nauyi shi ne ba ya ba ka abin da bai yi kwana arba'in yana aiki da shi a tasa kwamfutar ba. Ko duniya ta taru tana yabon sabuwar manhaja, ka tambaye shi, sai ya ce bai gwada ba. Wasu na jin haushin haka, su ce ya cika nawa. Su ji. A garin da kowa gwani ne in dai a baki ne, mutumin da zai dube ka tsakar ido ya ce ban sani ba, wallahi ya isa a tashi tun daga unguwar Kagarawal a zo a gan shi.

Abu ɗaya ne yake sa wa kowace kwamfuta ko an tambaya ko ba a tambaya ba, wato madannan da ke buga baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. A nan ne amininsa Jaji ke samun abin tsokana. Jaji tela ne, Bafulatani, yana zana aikin wuyan riga a kwamfuta, kuma tsakaninsa da Babarbare ai ba a shiga. Kullum sai ya sa Abba Gana ya ce ƙofar ɗaki, shi kuwa ya ce kofar daki, rumfa ta kwashe da dariya. Harshen Abba Gana bai taɓa lanƙwasa harafi ko ɗaya ba tun da aka haife shi. Shi ma Jajin, in gaskiya za a bi, ɗ da ɓ ne kawai nasa, ƙ ta fi ƙarfinsa, kamar rabin mutanen Gombe. Abba Gana kan ce masa, Fulata, bakina ne ya kasa, hannuna bai kasa ba. Ya kan tuna masa da ranar da Jajin ya turo masa saƙo cewa na bata cajarka, shi kuma ya kwana biyu yana tambayar Ya Falmata inda ta ajiye, ashe ɓata cajar Jaji ya yi.

Dattijon rumfar a wancan lokaci shi ne Baba Nehemiah, tsohon malamin makaranta, Batangale, mai gida a unguwar Manawashi. Tsakaninsa da Abba Gana ya wuce kwamfuta. Shi ne ya tarar da Abba Gana da iyalinsa a tashar mota ranar da suka sauka Gombe, yara na kuka, ba su san kowa ba. Bai tambayi addininsu ba, bai tambayi garinsu ba, ya ce su ɗauko kayansu, da ya ga ba kayan sai ya ɗauki ƙaramin yaron ya wuce gaba. Ɗakin 'yarsa Edna ya buɗe musu, ita tana makarantar koyon aikin jinya. Shekara biyu da wata bakwai suka yi a ɗakin. Ba su ne na farko ba, ba su ne na ƙarshe ba. Gidan Baba Nehemiah bai taɓa rabuwa da mutane ba, ɗalibai daga ƙauye, masu jinyar 'yan uwansu a asibiti, waɗanda rikici ya koro. Edna ta dawo hutu ta tarar da akwatinta a baranda. Ta gaida Ya Falmata da ladabi, ta haɗiye abin, amma Abba Gana ya ga fuskarta ranar, kuma bai manta ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarta ne abin da ta haɗiye ya fito. Tana aiki a Jos a lokacin. Ta ce Baba ya sallami mutanen gidan ya koma wajenta ta kula da shi, ya ce ba inda za shi. Magana ta yi zafi, har ta ce masa tun suna yara ya fi son bare a kan 'ya'yan cikinsa, kuma ƙafarta ba za ta sake taka gidan ba sai ranar da na ƙarshensu ya fita. Shekara biyu ba ta zo ba. Tana aiko da magani ta hannun ƙanenta Kenneth, tana kira ranar Kirsimeti, gaisuwa ce kawai a ajiye waya. In aka ambaci sunanta a rumfa, tsohon ya kan shiga goge tabaransa.

Tarihin rayuwarsa yake rubutawa da Hausa, shekara shida yana abu ɗaya. Ya koyi buga rubutu ne a ofishin coci, zamanin da kwamfuta ba ta san baƙaƙe masu lanƙwasa ba. Dabarar masu buga Hausa a lokacin ita ce su ari haruffan da Hausa ba ta amfani da su, a danna q a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ, sai wani tsohon zanen haruffa da aka sa wa kwamfutar ya nuna su da lanƙwasarsu. In ka kai rubutun wata kwamfutar da ba ta da zanen, sai asiri ya tonu, ka ga qasa da xaki da varawo. Abba Gana ya yi lallashin duniya Baba ya koma sababbin madannai, ya ce yatsunsa sun tsufa da koyon sabuwar hanya. Dole ya ƙyale shi. Duk ƙarshen wata dai ya kan je Manawashi ya ɗauki kwafin littafin. Na ƙarshe da ya ɗauka a makon Ista ne. Daga nan aiki ya yi masa yawa, ƙafa ta hana tsohon zuwa rumfa, shi kuma yana ta cewa gobe. Cikin Yuli Baba Nehemiah ya kwanta kwana huɗu, ya rasu kafin Edna ta iso.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan binne shi, wata Talata da hantsi, Abba Gana na kwance murfin wata laftof sai ya ga inuwa a ƙofa. Edna ce, da jaka a kafaɗa, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, ya goge mata benci. Ba ta zauna ba. Ta fito da laftof ɗinta ta buɗe ta juyo masa, ta ce ya karanta layin ƙarshe.

Shafin ƙarshe na littafin ne, wanda bai taɓa gani ba. Sakin layi ne gajere da tsohon ya fara bai gama ba: Ban tara dukiya ba, ban sayi fili ba. Abin da zan bar wa Edna da Kenneth shi ne baki.

"Malam Abba, Baba ya tafi da fushina," in ji ta. "Baki ya yi mana. Kenneth ma albarkacina ya ci."

Ta ce kwana tara ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Kowa ya san bakin uba ba abin wasa ba ne, balle wanda ya rubuta ya mutu a kai. Amma idon Abba Gana idon mai buga takardu ne, kafin ta gama magana ya riga ya lura da wani abu. Ya ja shafukan sama, ya sake ja. Kasa, daki, karshe, bata. Babu lanƙwasa ko ɗaya a littafin, babu q, babu x, babu v. Ya tambaye ta me ya sami rubutun.

Ta ce ai gyara shi aka yi. Bayan biso, wato jana'izar, ta kwafi littafin daga kwamfutar Baba ta tafi da shi Jos. Da ta buɗe ta ga wasu haruffa barkatai, ta kai wani shagon buga takardu, mai shagon ya ce bairos ne, ya danna abu ɗaya duk q suka koma k, x suka koma d, v suka koma b, ya adana a kan na asalin. Har godiya ta yi masa. Kai, masu gyaran ganin ido sun ɓata abubuwa da yawa a duniyar nan. Abba Gana ya zaunar da ita ya yi mata bayanin dabarar tsohon. Ya ce kalmar nan ta ƙarshe tana iya zama baki, tana kuma iya zama baƙi, mutanen da ake saukewa a gida. Da yake a bakinsa duk ɗaya suke fita, sai da ya rubuta mata su a bayan kwali, ɗaya da lanƙwasa ɗaya babu. Ta daɗe tana kallon kwalin.

"To wanne ya rubuta?"

Allah Ya sani, ya so ya ce mata na biyun. Harshensa har ya ɗauko maganar. Sai ya tuna da tsohon yana goge tabarau, ya tuna bai san abin da ke cikin ransa a watannin ƙarshe ba, don bai je ba. Kuma a ƙasan zuciyarsa akwai wani tsoro nasa na kansa: in baki ne, to daga ranar da aka fitar da akwatin yarinyar nan baranda saboda shi abin ya faro.

"Zuciyata ta ce mai lanƙwasa ne," ya ce. "Amma ban gani ba, Edna. Ba zan ba ki abin da ban gani ba."

Ya tambayi kwamfutar Baba. Ta ce Kenneth ya sa an yi mata fomat, an wanke ta tas, matarsa na aiki da ita a shagonta a Kagarawal. Abba Gana ya miƙe tsaye, ya ce ta kira su yanzu yanzu su kashe ta, kada wanda ya sake taɓa ta. A cikin Keke Napep ya yi mata bayani. Ya ce wanke kwamfuta kamar a bi gidan haya ne a goge sunayen da ke ƙofofi, mutanen suna nan a ɗakunansu, sai dai duk sabon abin da aka adana sabon ɗan haya ne da zai fitar da wani. Wata guda ana aiki da ita, ba wanda ya san ɗaki nawa aka riga aka shiga.

Da suka dawo da kwamfutar, Jaji na zaune a rumfa, ya ji labarin duka. Ya ja Abba Gana bayan shago ya hau shi da faɗa ƙasa ƙasa. Ya ce wane irin taurin kai ne wannan na Barebari, marainiya ta zo tana neman abin da zai kwantar mata da hankali kana mata wa'azin ban gani ba. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, ka ce ta dawo gobe, ka buga layin da hannunka, ka sa q ɗinka, ka nuna mata, wa zai sani. Jaji ba mugu ba ne, tausayi ne ya yi masa yawa. Abba Gana ya ce in ya yi haka za ta yi barci mako ɗaya, ranar da ta tuna shi ma ya iya buga q, shakkar za ta dawo, kuma daga ranar ba sauran mai iya cire mata ita. Jaji ya ce in kuma aka tono aka tarar baki ne fa. Ya ce to su roƙi Allah, amma ƙarya dai ba za ta shiga littafin Baba ta hannunsa ba.

Don haka ya ce Edna ta zauna kusa da shi, komai a gabanta za a yi, kuma duk abin da za a danna mai muhimmanci ita za ta danna. Ya ciro rumbun ajiyar kwamfutar, ya jona shi da nasa. Ta zaci tono za a fara. Ya ce kwafi tukuna. Ranar gaba ɗaya a kwafe rumbun kaf ta tafi, aka ɗauke wuta sau biyu, batirin solarsa ya riƙe da ƙyar. Edna ta ƙosa har ta ce masa ko da gangan yake ja mata rai. Bai ji haushi ba. Ya ce sau ɗaya ya taɓa cewa gobe a kan hoton uwarsa, sau ɗaya a kan littafin ubanta, ba zai yi na uku ba. Da Magariba ta kusa ya saka rumbun asalin a leda ya ba ta ta tafi da shi masaukinta a gidan Kenneth, ya kulle shago ya ba ta makullin shi ma.

Washegari ita ta buɗe shagon. Ya ciro layar daga wuyansa, ya saki Mai Tono a kan kwafin. Tun hantsi take haƙa har bayan Azahar. Ya Falmata ta aiko da abinci, Edna ta taɓa cokali biyu ta rufe. Abin da Mai Tono ta fito da shi tsibi ne, fayil dubu arba'in da ɗoriya, ba mai suna, lambobi kawai. Hotunan bikin coci, takardun jarrabawar da Baba ya buga wa wata makaranta shekarun baya, waƙoƙi, tarkace. Edna ta dubi yawan ta dafe kai. Abba Gana ya buɗe Rariya ya tura mata madannan. Ya ce kada ta nemi kalmar da take tsoro, ta nemi maƙwabciyarta wadda ba ta da lanƙwasa. Ta buga dukiya.

Fayil goma sha ɗaya suka fito. Shida wa'azi ne da Baba ya taɓa shiryawa. Biyu tsofaffin babi ne. Na tara shafin ƙarshen ne, amma sabon ɗan haya ya riga ya shiga, daga ban sayi fili ba sai wasu alamomi marasa ma'ana har ƙasa. Edna ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Jaji, da ya ce aiki zai koma tun ɗazu amma bai motsa ba, ya tashi ya fita rumfa ya dawo. Na goma bai buɗe ba sam. Abba Gana ya ce kwamfuta kan ajiye wa kanta kwafin wucin gadi yayin da mutum ke rubutu, wataƙila na ƙarshen irinsa ne, wataƙila kuma ba komai. Ya ce ta danna.

Ta danna. Rubutun ya fito da mummunan kamanninsa na asali, xaki, qarshe, duk abin da mai shagon Jos ya kira bairos. Ta ja ƙasa a hankali har layin ƙarshe.

Abin da zan bar wa Edna da Kenneth shi ne baqi.

Edna ta kai yatsa ta taɓa gilashin daidai kan harafin, ta bar shi a wurin. Sai kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ranar biso, ta kifa kai a kan teburin cikin wayoyi da sukurori. Suka ƙyale ta. Jaji ya juya baya yana gyara hularsa da ba abin da ya same ta. Da ta ɗago, ta share fuska da gefen gyalenta, ta ce idonta ba ya gani sosai, Malam Abba ya karanta mata da ƙarfi ta ji da kunnenta.

Ya gyara murya ya karanta, tiryan tiryan, har ya zo ƙarshe ya ce, shi ne baki.

Jaji ya fashe da dariya da hawaye a gemunsa. Ita ma dariyar ta kufce mata cikin kuka.

"Wanne, Malam Abba?"

Ya buɗe baki zai sake gwadawa, ya san ba za ta fito ba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjinsa, daidai inda layar ke kwanciya, ya bar shi a nan.

"Irina," ya ce.

Kafin ta tashi sai da ya yi kwafi uku, ɗaya a laftof ɗinta, ɗaya ya tura wa Kenneth, ɗaya ya shiga layar, kuma shi ne abu na farko da ya taɓa shiga cikinta wanda ba kayan aiki ba. Ta tambaye shi su waye a gidan Manawashi yanzu. Ya ce ɗalibai biyu ne daga Kaltungo, da wata mata daga Biu mai jinyar mijinta, ita ce a ɗakin Edna. Ta ce Kenneth ya ba su zuwa ƙarshen wata su tashi, ita ta sa shi. Ta rataya jakarta, ta ce bari ta je kafin matar ta fara ɗaure kaya.

Mako biyu Abba Gana ya yi yana haɗa kwafin Ista da shafukan da aka tono, yana mayar da kowace q da x da v zuwa harafinta na gaskiya, don a kai littafin maɗaba'a. Da ya zo layin ƙarshe ya kira ta a waya ya ce saura ɗaya. Ta ce wannan kada ya taɓa, yatsan Baba ne ya danna shi.

Haka aka buga littafin, kwafi ɗari biyu, da q guda ɗaya tak a shafin ƙarshe. Akwai ɗaya a shagon, a kan tebur kusa da ƙofa. Kusan duk Asabar sai wani sabon zuwa ya buɗe shi ya ce Malam, an yi kuskure a nan. Abba Gana ba ya ɗago kai daga abin da yake kwancewa. Ya kan ce ba kuskure ba ne, mutum ya je Manawashi ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan, ya ga ko za a buɗe masa.